Sharhi: Kakar da Shaho Ya Mallaki Filadelfiya

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai kai mu birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka, inda jami'o'i biyar suka ƙulla gasar ƙwallon kwando a tsakaninsu tun 1955. Su ne Penn da Temple da La Salle da Saint Joseph's da Villanova, ana kiransu Big 5, wato manya biyar. Kowace tana da rukunin da take bugawa a gasar ƙasa, amma duk shekara sai sun gwada ƙwanji a junansu domin a san mai gari. Gidan wannan gasa na asali shi ne Palestra, tsohon zauren wasa na jami'ar Penn da aka buɗe a 1927, wanda bai kai ɗaukar mutum dubu tara ba, amma in ya cika ko na kusa da kai ba ka jin maganarsa.

A ganina, duk wanda yake son sanin darajar gasar nan ya waiwayi kakar 2003 zuwa 2004. Saint Joseph's, wadda shaho ne alamarta, ƙaramar makaranta ce ta 'yan Katolika, zaurenta na lokacin mutum 3,200 kacal yake ɗauka, kuma ba ta da kuɗin da manyan jami'o'i suke zubawa a wasanni. Abin da take da shi shi ne koci Phil Martelli da 'yan wasa biyu, Jameer Nelson da Delonte West. Nelson ɗan garin Chester ne, nan kusa da Filadelfiya, gajere a ma'aunin wannan wasa. Ya samu damar tafiya NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, bayan shekararsa ta uku, sai ya janye sunansa ya dawo ya ƙarasa ta huɗu. Wannan shawara tasa ce ta haifi kakar gaba ɗaya.

Ƙungiyar ba ta da dogaye masu yawa, don haka sau da dama abokan karawa sun fi ta tsintar ƙwallon da ta ƙi shiga. Sai Martelli ya zuba masu sauri, suna matsa wa mai riƙe da ƙwallo lamba har ya sake ta, suna jifa daga nesa su kwashi maki uku-uku. Haka suka buga wasa 27 ba a doke su ko sau ɗaya ba, har aka ɗora su a matsayi na ɗaya a duk faɗin ƙasar. A cikin gari kuwa, sun bi maƙwabtan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Sun doke Temple ta koci John Chaney, dattijon da tsaronsa ya gagari manya, sannan suka bi Villanova har gida suka ci. Wannan nasara ta fi sauran daɗi a wurin magoya baya, domin makarantun biyu duk na Katolika ne, kuma ka san hamayyar 'yan gida ɗaya ta fi zafi. Shahon da ke wakiltar makarantar ma, ɗalibin da yake sanye da kayansa ba ya daina kaɗa fukafukai tun daga farkon wasa har a tashi.

Jami'ar Xavier ce ta fara kayar da su, da tazarar maki 20. Da aka sa su cikin ƙungiyoyi huɗu da ke kan gaba a jadawalin gasar ƙasa, mai sharhin talabijin Billy Packer ya fito ya ce ba su cancanta ba. Sai ga shi sun fitar da Texas Tech, suka kuma fitar da Wake Forest, makarantar da shi Packer ɗin ya yi wa wasa. Tafiyar ta tsaya a zagayen ƙungiyoyi takwas, inda John Lucas na Oklahoma State ya jefa ta maki uku saura 'yan daƙiƙu, Nelson ya gwada ta ƙarshe ta ƙi shiga, aka tashi 64 da 62. Sun rufe kaka da nasara 30, rashin nasara biyu, Nelson kuma ya zama gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara.

Abin da yake damuna shi ne tsarin da aka shigo da shi a 2023. An ƙara Drexel suka zama shida, aka raba su rukuni biyu, sannan a haɗu rana ɗaya a babban zauren ƙwararru a raba matsayi. Shigowar Drexel daidai ce, ta ma daɗe da cancanta. Amma yanzu ƙungiya tana iya ɗaukar kambun gari bayan ta kara da uku kawai cikin maƙwabta biyar. An taɓa rage wasannin a 1991, mutanen gari ba su ji daɗi ba, aka dawo da cikakken zagaye a 1999. Kambun Saint Joseph's na 2004 ba wanda ya iya musanta shi, saboda babu maƙwabcin da bai samu damar gwada ta ba. Ina fata masu shirya gasar su mayar da wannan tsari, wasannin kuma su koma Palestra.