An Kai Shi Kotu, Amma Ba a Fara Shari'a Ba

[Hoto: ƙofar gidan yarin Kurmawa, Kano]

Jama'a, kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Duk sanda irin wannan labari ya taso, sai ka ji ana ta cewa: "Ai an gurfanar da shi, alƙali ne ke jan ƙafa." To, a nan ake kuskure.

Farkon kowa ya sani. 'Yan sanda sun kama mutum. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu.

[Hoto: motar fursunoni na shiga harabar kotu]

Yanzu ku natsu. Ana zarginsa da kisan kai ko fashi da makami, sai aka kai shi kotun majistare. Majistare ba shi da hurumin sauraron irin wannan tuhuma, aikin babbar kotu ne. Shi ya sa ba a tambayar wanda ake zargi ko ya amsa laifi, ba a kiran shaida ko ɗaya. Abin da majistare zai iya shi ne ya ce a tsare shi, a tura fayil ma'aikatar shari'a, lauyoyin gwamnati su duba ko akwai hujjar shigar da ƙara.

Uwa ta hau Adaidaita Sahu tun da sassafe, da kwanon abinci a hannu. Aka kira sunan ɗanta, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce shawarar lauyoyin gwamnati ba ta fito ba, aka ɗage. Minti biyu ba a yi ba. Ta koma gida tana cewa shari'a na tafiya, alhali fayil ɗin ma wataƙila bai bar ofishin 'yan sanda ba. Wani lokacin an yi wa mai binciken canjin wurin aiki, takardu sun bi ruwa.

Haka wani mutum mai suna Sikiru Alade ya yi shekara tara a tsare a Legas, daga 2003, sai a 2012 kotun ECOWAS ta ce tsarewar haramtacciya ce.

[Hoto: tarin fayiloli a kan tebur]

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta sa wa'adi: kwana 14, ana iya sabuntawa, amma duka-duka kada ya wuce 56. In gwamnati ta kasa kawo dalili, a sake shi. Jihohi ma sun yi tasu, Kano a 2019, ko da yake kwanakin kan bambanta. Ni abin da ke ci mini rai, wa'adin nan ba ya aiki da kansa, sai wani ya miƙe ya tuna wa kotu, kuma talaka ba shi da mai miƙewa.

Saboda haka, in naku na ciki, ku tambayi ranar da aka ba da umarnin tsarewa, ku gano teburin da fayil yake. Ku je ofishin hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta ta tarayya da ke jiharku, a nemi beli a babbar kotu, a kuma sa sunansa cikin waɗanda babban jojin jiha zai duba idan ya kai ziyara gidan yari.