Lacca: Abin da Ya Rushe Tulin Itacen Jami'ar Texas A&M a 1999

Assalamu alaikum. Malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da war haka.

Duk ranar 18 ga Nuwamba, da ƙarfe 2:42 na dare, jama'a kan taru a Jami'ar Texas A&M da ke garin College Station a Amurka, a kira sunayen mutum 12. A daidai wannan lokaci ne a 1999 wani tulin gumagumai da ɗalibai ke haɗawa don cinna masa wuta ya rufta. Ɗalibai 11 da tsohon ɗalibi ɗaya suka rasu, 27 suka jikkata. Yau so nake mu duba ginin kansa, domin wanda ya gane yadda aka ɗaure shi zai gane yadda ya kwance.

Al'adar ta soma ne tun farkon ƙarni na 20 da tarin shara da katakai da ake cinna wa wuta, daga baya ta zama ta jajibirin wasan ƙwallon Amurka da abokiyar hamayyarsu, Jami'ar Texas da ke Austin. A 1969 tsayin tulin ya haura ƙafa 109, sai jami'a ta ƙayyade shi a ƙafa 55. Na 1999 ya kai ƙafa 59 tun ba a gama ba, da gumagumai kusan 5,000. Kun ga tun daga nan an tsallake doka.

Ga yadda ake yi. Ana haɗa falwaya biyu, kai da gindi, a kafa a ƙasa ta zama ginshiƙin tsakiya. Sai a jera gumagumai a tsaye kewaye da ita, kowanne a ɗaure shi da waya a jikin waɗanda ke bayansa. Wannan shi ne hawa na farko. A kansa a ɗora na biyu, wanda bai kai shi faɗi ba, haka har hawa shida. Masu ɗaurin suna zaune ne a kan lilo da aka rataye daga saman falwayar, injin ɗaga kaya na miƙo musu itace, aiki dare da rana. Shugabannin aikin ɗalibai ne masu jar hular kwano, kowane rukuni ya koya daga bakin na gabansa.

To, ku saurara da kyau a nan. Ku ɗauki damin kara da aka ɗaure da igiya, ku riƙa cusa wasu karan ta sama cikin tsakiyarsa. Damin zai yi ta buɗewa, igiyar na ɗamewa, har ta tsinke. Abin da ya faru ke nan. A shekarar itatuwan sun fi karkacewa, don haka aka samu gurabe tsakanin kawunan gumaguman hawa na farko. Masu aiki suka riƙa soka gindin na hawa na biyu cikin waɗannan gurabe don su zauna daram. Kowane gungume da aka soka yana tura na ƙasa waje. Nauyin da ya kamata ya sauka kai tsaye ƙasa ya koma yana buɗa gindin tulin. Ga shi an tsayar da gumaguman cak, ba su jingina ciki sosai ba, ga filin da ɗan gangare.

Me zai riƙe wannan turi? Waya ce kawai, irin ta ɗaurin ciyawa, kuma ba ta da ƙarfin. A wasu shekarun baya akan zagaye hawa na farko da igiyar ƙarfe mai kauri. A 1999 ba a sa ba. Ba wanda ya zauna ya yi lissafi ya ce a cire ta. Babu zane a rubuce, babu injiniyan da ke sa hannu, saboda haka ba wanda ya san cewa ita ce ke riƙe da rayukan mutane. Da wayoyin gefen kudu maso gabas suka fara tsinkewa, nauyinsu ya koma kan na kusa, su ma suka tsinke. Cikin daƙiƙoƙi komai ya zube, mutum 58 na kan aiki.

Ceto ya ɗauki sama da awa 24. Da hannu aka riƙa janye yawancin gumaguman, ɗaya bayan ɗaya, don tsoron kada inji ya motsa tulin ya danne waɗanda ke ƙasa da sauran numfashi.

Kwamitin bincike ƙarƙashin Leo Linbeck Jr. ya fitar da rahotonsa a watan Mayun 2000. Mutane sun zaci za a ɗora laifin a kan giya ko karyewar falwayar tsakiya. An sami shaidar shan giya da wasan banza a wurin, amma kwamitin ya ce ba su suka rushe tulin ba, falwayar ma ba ita ce sanadi ba. Ya ɗora nauyi a kan jami'a, wadda ta bar gini mai wannan girma a hannun ɗalibai. Ni a ganina gargaɗi ya zo tun 1994, lokacin da tulin ya karkata bayan ruwan sama mai yawa. Aka ce laifin ƙasa ne da ta jiƙe, aka sake ginawa a gurguje, ba a tambayi tsarin ginin ba.

A 2004 aka buɗe wurin tunawa a inda abin ya faru: da'ira mai ƙofofin dutse 12, kowace na fuskantar garin mamacin da take wakilta, da duwatsu 27 da ke haɗa su.

Shugaban jami'ar a lokacin ruftawar, Ray Bowen, ya dakatar da al'adar, kuma ba ta koma harabar makaranta ba. Tun 2002 ɗalibai ke yin tasu a wajen jami'a, daga baya suka koma kan tsarin da injiniya ya duba. Daga nesa za ku ga kamar hawa-hawa ne, amma gumagumai ne masu bambancin tsayi, dogaye a tsakiya, gajeru a gefe, kuma kowanne gindinsa na taɓa ƙasa. Babu wanda ke zaune a kan wani, balle a soka shi a tsakani.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa lasifika.