Jawabin maraba ga Farfesa a Zangon Kumasi

Assalamu alaikum. Mai martaba Sarkin Zango, malamanmu, iyayenmu mata, da babban baƙonmu.

Ranka ya daɗe Farfesa, sannu da hanya. Iliminka a fannin tattalin arziki da ƙungiyoyin manoma ba sai an faɗa ba, sunanka ya riga ka isowa unguwarmu Aboabo. Ka yi mana afuwa, za mu kawo kukanmu tun ba ka sha ruwa ba: a turo mana ɗalibai su zauna da littattafan ƙungiyarmu ta 'yan albasa da hatsi, su rubuta rahoton da banki zai yarda da shi.

Mu ba baƙin ciniki ba ne. Kakanninmu fatake ne, su suka riƙa ɗaukar goron Asante a kan jakuna, ta Salaga har Kano, ana ba da bashi a kan amana, maigida da dillali su ne shaida. Da yaƙin 1892 ya watsa Salaga, da yawansu suka gangaro kudu. A 1969 dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta ba mutane mako biyu, aka bar rumfuna da gidaje. A 2019 kuma, da Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin bashi 347, wasu daga cikin iyayenmu mata sun yi ta sintiri a ƙofar ofishin da aka garƙame, katin ajiya a hannu.

Duk da haka adashinmu bai tsaya ba. Mai susu, wato mai karɓar kuɗin adashi, yana zagayawa kullum, yana sa alama a kati, kuɗin rana ɗaya a wata shi ne ladansa. Littattafan suna wurin Hajiya ma'aji, a naɗe cikin leda, ba wanda ya taɓa bincikarsu. Manoman koko sun kafa ƙungiyarsu Kuapa Kokoo a garin nan a 1993, masana sun yi ta rubutu a kanta, mu kuwa sai a zo da takardar tambayoyi, a tafi, shiru.

Muna son rumbu, don albasar da ke zuwa daga Galmi tana ruɓewa a buhu in damina ta kama. Muna son rancen da ba kuɗin ruwa. Amma duk inda muka je, hujja a rubuce ake nema. Don Allah Farfesa, ɗalibai ko biyu ne, kafin damina. Masauki da tuwo suna wuyanmu.

Ga ƙwaryar goro, ga littattafan nan a gabanka. Allah ya mai da kai gida lafiya.