Kontar na keke ya daina ƙirga? Duba nan kafin ka jefar

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka daga nan Garwa. Ga keken wani ɗan uwa da yake zirga-zirga tsakanin nan da Pitoa, kontar ɗinsa, wato na'urar da ke nuna gudu da nisan tafiya, ya maƙale a sifiri ko yana gudu kamar me, wai zai jefar ya sayi sabo. A'a, dakata tukuna.

Idan ekiran, wato fuskar kontar, bai nuna komai ba, pil ne, wato batir, wannan faffaɗan CR2032 mai bolt 3, ka buɗe murfin baya da kwandala, gefen da ke da alamar + ya kalli sama, shi kenan. Amma wannan yana kamawa, to matsalar a ƙasa take.

Ƙane, matso da waya nan su gani. Kun ga wannan ɗan maganaɗisun da ke jikin reyon, wato siririn ƙarfen cikin taya? Duk juyawar taya sai ya wuce gaban kaftar, wato ɗan abin da ke jin wucewarsa, da ke ɗaure a ƙafar gaba, da haka yake ƙirga. Tazararsu kar ta wuce milimita 5, kuma ya wuce daidai kan layin da aka zana a jikin kaftar, ba sama ba, ba ƙasa ba. Gargadar hanya ce take zamar da shi sannu a hankali, mutum bai sani ba. Ka sassauta, ka matso da shi... a'a ya yi kusa, zai riƙa bugawa, ja baya kaɗan. Yawwa. Juya tayar. Kun ga lamba ta tashi?

In har yanzu shiru, zare kontar ɗin daga mazauninsa ka goge ƙarafan nan biyu na baya, ƙurar hunturu tana toshe su, sannan ka bi wayar da ta taso daga kaftar da yatsa ko ta tsinke wajen burki.

Bayan canza pil wasu sukan manta girman taya. Taya 26 x 1.95 ka sa 2050 a kontar, wato zagayen tayar a milimita. Ni dai na fi son awo, bawul a ƙasa, ka yi alama, tura keke juyi ɗaya, auna tazarar da mita, ka sa ta a milimita.

Sarƙa kuma don Allah ku bar zuba mata baƙin man mashin, yashi yake kwasa ya cinye haƙora. Goge da tsumma, ɗigo kaɗan na mai mai tsabta, sake gogewa. Iska kuma a duba da safe kafin rana ta yi zafi. Pil da faci akwai su a shago, mai so ya leƙo bayan la'asar.