Darwin da akidar 'yancin mutum: ina suka haɗu, ina suka rabu?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya shafi wata muhawara da ta daɗe tsakanin masanan Turai da Amurka: shin ka'idar juyin halitta ta Charles Darwin za ta sha inuwa ɗaya da tsohuwar akidar nan ta 'yancin mutum, wadda ta ce gwamnati ta tsaya ga kare rayuka da dukiya, ta sakar wa jama'a mara? Ba imanin kowa a kan asalin ɗan Adam muka zo taɓawa ba. Tambayar ita ce ko ra'ayoyin nan biyu suna jituwa.

Masu cewa suna jituwa ba da ka suke magana ba. A 1776 Adam Smith, masanin tattalin arziki, ya nuna yadda kasuwa ke tsara kanta, kowa na neman na kansa, amma bukatun jama'a na biya ba tare da wani sarki ya zauna ya raba aiki ba. A 1859 Darwin ya zo da bayani mai kama da wannan a kan halittu: ana haihuwa fiye da abin da muhalli zai iya ɗauka, sai waɗanda siffarsu ta fi dacewa da wurin su rayu su bar baya. Darwin da kansa ya ce hasken abin ya zo masa ne a 1838, lokacin da ya karanta rubutun Thomas Malthus, masanin tattalin arziki, a kan yawan jama'a. Daga baya Friedrich Hayek, shi ma masanin tattalin arziki, ya ɗora a kai, ya ce harshe da kuɗi da dokokin al'ada duk haka suka samu, a hankali, ba wanda ya ƙago su rana ɗaya.

Har nan ina tare da su. Inda gizo ke saƙar shi ne tushen 'yancin kansa. John Locke, masanin falsafa kuma jigon akidar 'yancin mutum, a 1689 ya kafa hujjarsa a kan cewa mutane duka aikin Mahalicci ɗaya ne, don haka babu mai ikon cutar da wani a ransa, ko 'yancinsa, ko dukiyarsa. Takardar ayyana 'yancin Amurka ta 1776 ma a kan wannan ta tsaya. Ita kuwa ka'idar Darwin da bambanci take aiki: wani ya fi wani ƙarfi, wani ya fi wani juriya. Duk iya binciken da za a yi a cikinta, ba za a tono hukuncin da ya ce mai rauni da ƙaƙƙarfa darajarsu ɗaya a gaban shari'a ba. Ba ta kuma ce a danne mai rauni ba. Yadda abubuwa suke take bayani, kuma tun ƙarni na 18 masanin falsafa David Hume ya ja kunne cewa yadda abu yake daban, yadda ya kamata ya zama daban. Thomas Huxley, babban mai kare Darwin, ya faɗa a wata lacca a 1893 cewa ci gaban ɗabi'ar al'umma yana cikin yaƙar wannan gwagwarmaya ta halitta, ba kwaikwayonta ba.

Waɗanda suka yi kunnen ƙashi da wannan gargaɗi sun jawo ɓarna mai ban tausayi. Herbert Spencer, wanda a 1864 ya ƙirƙiro kalmar nan ta cewa mafi dacewa shi ke rayuwa, ya soki tallafin gwamnati ga matalauta. A 1883 Francis Galton, ɗan'uwan Darwin, ya raɗa wa shirin gyaran irin ɗan Adam suna. Ku lura da inda hanyar ta ɓulle, jama'a. An faro da cewa gwamnati ta cire hannunta daga rayuwar mutane, aka ƙare da gwamnati tana yanke wa zai haihu, wa ba zai haihu ba, wato ainihin zaluncin da Locke ya tashi yaƙa.

Shi ya sa nake ganin mai akidar 'yanci yana iya karɓar Darwin a fagen ilimin halittu, amma dole ya nemo darajar mutum daga wani tushe, addini ne ko falsafar ɗabi'a. Ga misalin abin da ke faruwa idan aka rasa wannan tushe: a 1927 Kotun Ƙolin Amurka, da alƙalai 8 cikin 9, ta amince wa jihar Virginia ta yi wa wata budurwa mai suna Carrie Buck aikin hana haihuwa ba da son ranta ba, bisa zargin raunin hankali. Sama da mutum 60,000 aka yi wa irin wannan aiki a ƙasar. Carrie Buck ta rasu a 1983, jihar Virginia kuwa ba ta nemi gafara ba sai a 2002.