Yadda ake jera gwaje-gwaje rukuni-rukuni a Haskell da tasty

A Haskell, harshen rubuta manhajar kwamfuta, gwaji ƙima ce kamar kowace ƙima: kuna iya ba shi suna, ku saka shi cikin jeri, ku miƙa shi ga wani fankshin. A tasty, laburaren tsara gwaje-gwaje da gudanar da su, nau'insa TestTree ne, wato bishiya. Kowane gwaji ganye ne, kowane rukuni kuma reshe.

Ga gwaji na farko da testCase daga laburaren tasty-hunit: reverse [1,2,3] @?= [3,2,1]. Alamar @?= kwatanta ɓangarorin biyu take yi: abin da shirinku ya fitar a hagu yake, abin da kuke sa rai a dama. In kuka musanya su gwajin zai gudana lafiya, amma ranar da ya faɗi saƙon kuskuren zai zo muku a birkice.

Na biyu testProperty ne daga tasty-quickcheck: a juya jeri sau biyu, ya dawo yadda yake. QuickCheck zai gwada shi da jeri 100 da ya ƙirƙira da kansa. Ku rubuta nau'in a fili, [Int], in ba haka ba GHC, manhajar da ke harhaɗa shirin Haskell, zai ce bai san wane irin jeri kuke nufi ba.

Sai testGroup ya haɗa su: suna ɗaya, da jerin gwaje-gwaje. Tunda shi ma TestTree yake fitarwa, rukuni na shiga cikin rukuni ba wata wahala.

Tsarin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne kowane modul ya sami fayil ɗin gwajinsa, mai fitar da ƙima guda, tests. A Main, fayil ɗin da shirin gwajin ke farawa, sai ku tattara su a rukuni guda ku miƙa wa defaultMain ya gudanar da su. A fayil ɗin cabal, mai bayyana yadda za a gina shirin, ku buɗe sashen test-suite da type: exitcode-stdio-1.0, ku lissafa fayilolin a other-modules.

Ga inda ake yawan zamewa. Ku rubuta sabon rukuni, ku manta ba ku saka shi a jerin Main ba: komai zai fito kore, alamar ya wuce, alhali ko gwaji ɗaya daga cikinsa bai gudana ba. Ku riƙa dubawa da --list-tests, mai lissafo sunayen gwaje-gwajen da shirin ya sani. Shi kuwa -p rukuni guda yake zaɓo muku ta sunansa, don haka kada ku yi wa sunaye riƙon sakainar kashi.

Da zarar kun harhaɗa shirin da -threaded, kuka gudanar da shi da +RTS -N, gwaje-gwajen za su gudana lokaci guda. Biyu masu rubutu a fayil ɗaya za su yi karo, yau su wuce gobe su faɗi. Ku ba kowanne nasa fayil ɗin. Abin da dole sai an yi tarayya a kansa, kamar haɗi da rumbun bayanai, ku naɗe rukunin da withResource: ya buɗe sau ɗaya, ya rufe bayan gwajin ƙarshe.