Kyamarata a sanyin Winnipeg: batir, gumi da fuskar da ta ɓace a dusar ƙanƙara

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri idan kun ji maganata tana sarƙewa, leɓena ne ya daskare. Yau ina wurin da ake ce wa The Forks a birnin Winnipeg na Kanada, daidai inda kogin Red da kogin Assiniboine suka haɗu. Abin da kuke gani fari fat a bayana kogin ne, ya zama ƙanƙara, mutane na yawo a kansa kamar titi. Wayata ta ce sanyin ya kai digiri 24 ƙasa da sifili. Mutumin da ya tashi yana kukan sanyin hunturu a Kano, yau ga inda Allah ya jefo shi.

Tun da na fara sa hotuna, tambayar da kuka fi yi mini ita ce wace kyamara ya kamata mutum ya saya. To bari in ba ku labarin yadda ni kaina na kusa zubar da kuɗi a banza, daga nan kowa ya yi wa kansa hisabi.

Ga kyamarar nan a wuyana. DSLR ce, wato irin mai madubi a ciki da ake iya canza wa lensi (gilashin gaba), ta hannu na saye ta, ta haura shekara 10 da fitowa, megapixel 18. Ranar da na fara fitowa da ita cikin irin wannan sanyi, na caja batir ya cika taf tun dare. Ban yi minti 30 a waje ba alamar batir ta fara ƙiftawa, can sai ɗif, ta mutu. Na ce shi ke nan, an sayar mini da gawa. Na koma gida raina a ɓace, na ajiye ta a kan tebur, na dafa shayi. Da na dawo na kunna ta, sai ga batir ya nuna fiye da rabi. Ashe ba mutuwa ya yi ba, sanyi ne ya ƙame shi. Batirin lithium haka yake, idan ya yi sanyi sosai sinadaran cikinsa ba sa motsi da sauri, sai ya kasa ba da wutar da kyamara ke nema, ita kuma ta ɗauka ya ƙare. Yana jin ɗumi sai ya farfaɗo. Daga baya na duba littafin kyamarar, ashe sun rubuta cewa an yi ta ne don aiki tsakanin digiri 0 da 40. Galibin ƙananan kyamarori irin tata haka ne. Tana aiki a ƙasa da hakan, amma sai ka lallaɓa ta.

Ku duba nan, bari in buɗe rigar. Batir 2 nake ajiyewa a aljihun ciki, manne da jikina. Na cikin kyamara ya gaji in ciro shi in sa mai ɗumi, shi kuma ya shiga aljihu ya sha ɗumi, haka muke ta karɓa-karɓa har in gama. Kuma na daina ɗaukar hoto ta allon baya, ta ƙaramin ramin leƙawa nake duba, don allon shi ke shanye wuta. Sai dai a kula da numfashi. Kana sa fuska a jikin kyamara ka saki numfashi, tururin bakinka zai kwanta a gilashin ya daskare nan take. Ni riƙe numfashi nake yi kamar mai nutso a rafi.

Wannan duk wasa ne a kan abin da ya faru da ni a karo na biyu, kuma laifina ne ɗari bisa ɗari. Na yi awa guda a waje, yatsuna suka daina ji, sai na ruga cikin kasuwar nan ta The Forks, ga ta can, ginin da ake sayar da abinci. Ina shiga na ɗaga kyamara zan duba hotunan da na ɗauka, sai na ga ta jiƙe sharkaf. Kun san yadda kwalbar lemo ke gumi idan an ciro ta daga firij a watan Afrilu? To haka ta yi. Iskar cikin ginin mai ɗumi ce, tana ɗauke da danshi, tana taɓa ƙarfe da gilashi masu sanyi sai ta koma ruwa. Na wajen ba matsala, tsumma zai goge. Abin tsoro shi ne irin wannan gumin yana kwanciya har cikin lensi da cikin kyamarar, inda hannu ba ya kaiwa. Ni kuma da gaggawa sai na ƙara kwaɓa: na cire lensi wai in goge, na buɗe wa danshi ƙofa ya shiga ciki sosai, sannan na sake fita waje da ita a jiƙe. Ruwan ya daskare. Duk hoton da na ɗauka bayan nan kamar an ɗauke shi ta bayan labule.

Daren nan har na fara duba farashin sabuwar kyamara. Allah ya taimake ni, wani dattijon Bature da muke aiki tare, ya daɗe yana ɗaukar hoton tsuntsaye, ya ce in cire batir da memori, in bar ta a wuri busasshe kwana 2, kada in kusantar da ita da na'urar ɗumama ɗaki. Ta bushe, ga ta tana aiki. Shi ya koya mini dabarar leda. Kafin ka shiga ɗaki, tun kana waje, ka ciro memori ka sa a aljihu, ka jefa kyamarar cikin leda mai zif, ka rufe ruf. Iskar da ka kulle a ciki ta waje ce, busasshiya. In ka shiga, gumin a bayan leda zai kwanta. Ka bar ta awa 1 ko 2 har ta yi ɗumin ɗaki kafin ka buɗe. Ina kuma tara 'yan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, masu tsotse danshi, ina zuba su a jakar kyamara.

A can gida Kano abokin gabar kyamara ƙura ce. Duk wanda ya taɓa canza lensi a fili lokacin hunturu ya san ɗigon baƙi da ke fitowa a sararin samaniya a kowane hoto, wuri guda ba ya motsi. Gwajin mai sauƙi ne: ka matse idon lensi, wato ƙofar da haske ke shiga, zuwa f/16 ko f/22 (lambar f na ƙaruwa, ƙofar na ƙanƙancewa), ka ɗauki farin bango, ɗigon zai fito ɓaro-ɓaro. Da 'yar robar hura iska ake kore shi, kyamara na kallon ƙasa. Don Allah ban da hurawa da baki, yawu za ka fesa mata.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma shi ya sa na fito da abokina yau. Mutumina, matso nan ka gaisa da jama'a. Yauwa, tsaya can wajen gada, ka juyo. Gadar nan sunanta Esplanade Riel, ita ke tsallakawa zuwa unguwar Saint-Boniface.

Bari in ɗauke shi a yadda kyamara ta ga dama. Kun gani? Dusar ƙanƙarar ta fito toka-toka kamar tsohuwar riga, fuskarsa kuwa ta zama inuwa, haƙora kawai ake gani. Hotunan da na riƙa tura wa Hajiyarmu ke nan da farko, har ta bugo waya tana cewa, "Kai, wannan ƙasa ta ƙona ka ne?" Dalilin shi ne ma'aunin haske na kyamara bai san dusar ƙanƙara ba. Duk abin da ya gani ƙoƙari yake ya mayar da shi ruwan toka matsakaici. Ya ga fari ya cika wuri, sai ya ce haske ya yi yawa, ya rage. Fari ya koma toka, mu kuma masu baƙar fata mu nutse gaba ɗaya. Irin wannan ne ke faruwa ranar Sallah idan mutum ya sha farar shadda ya tsaya a rana.

Maganin yana kan wannan ɗan maɓalli mai alamar +/-. Ina danna shi in murza zuwa +1. Duba yanzu. In ƙara zuwa +1 da ɗigo 7. To madalla, ga mutum ya dawo, ga fari ya zama fari. Amma kada a wuce gona da iri, don idan farin ya ƙone babu abin da zai dawo da shi. Na kunna gargaɗin nan da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa a allo, da na ga ya fara sai in ja baya kaɗan. Kuma a RAW nake ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, ba JPEG da aka saba ba. Yana cin wuri a memori, amma a kwamfuta ina iya ɗago hasken fuska ba tare da hoton ya dagule ba, in kuma gyara shuɗin da ke hawa dusar ƙanƙara a inuwa.

Wani abin daɗi da ban zata ba: dusar nan tana mayar da haske daga ƙasa zuwa fuska, ta cike duhun ƙarƙashin ido da haɓa. Wallahi ban taɓa samun fatarmu ta fito da sheƙi irin na nan ba. Malam, ɗan sunkuyar da kai kaɗan. Haka. Kada ka motsa.

Lensin da ke kai yanzu 50mm f/1.8 ne, kuma in akwai abin da zan ce mutum ya kashe wa kuɗi, shi ne. Canon na da shi, Nikon na da shi, Sony ma haka, kuma yana cikin mafi araha a wurin kowannensu. Lensin da ke zuwa da kyamara, mai zuƙowa daga 18mm zuwa 55mm, idan ka jawo shi ƙarshe idonsa f/5.6 yake tsayawa. Tsakanin f/5.6 da f/1.8 hasken da ke shiga ya kusa ninki 10. A garin da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe 5 a watan Janairu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi 50mm ɗin ba ya zuƙowa, ƙafarka ce za ta yi aikin, kuma a ƙaramin ɗaki yana matsewa, ba zai kwashe taron suna ba. Ga hoton mutum ɗaya kuwa, baya ya narke, fuska ta fito, sai ka rantse a situdiyo aka yi. Ni ina barin sa a f/2.8 yawanci, don a f/1.8 hanci na iya fitowa ido ya dushe. Saurin ƙiftawar kyamara kuma ba na barin sa ya sauka ƙasa da 1/125 na daƙiƙa, hannu mai rawar sanyi ba abin yarda ba ne. Gara in ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 800 ko 1600, hoto mai ɗan yashi-yashi ya fi mai girgiza.

Kuɗin da na so in zuba a sabuwar kyamara, abin da na saya da ɗan kaɗan daga ciki ke nan: lensin nan, batir 2, da safar hannu mai hawa biyu, siririya a ciki don danna maɓalli, mai kauri a sama. Sauran na tura gida.

Kai, batir ya fara ƙiftawa, yatsuna ma sun tafi. Mutumina, miƙo mini ledar nan a jakarka. Memori ya fito, ya shiga aljihu, kyamara cikin leda, zif. Mu shiga ciki mu nemi shayi, ragowar hotunan na nuna muku su idan ta huce.